MU TARA TSOFAFFIN TAKARDUN KUƊI

Na gode wa Edita da ya ba ni ɗan fili a cikin mujallarmu domin in kawo wata shawara gaban 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, da malamanmu, da shugabannin Kwaleji. Shawarar kuwa ita ce mu kafa ƙungiya wadda za ta riƙa neman tsofaffin takardun kuɗi na zamanin mulkin Ingilishi, ta tara su, ta adana, ta rubuta labarinsu, don mu riƙa koyarwa da su. Na sani wani zai yi dariya ya ce, "Mutumin da ke ƙirga kwanaki kafin a aiko masa da guzuri daga gida, ina ruwansa da kuɗin da ba ya sayen ko ƙosai?" To, a yi mini haƙuri a karanta har ƙarshe, sa'an nan a yanke hukunci.

Kullum malaman dabarun koyarwa su kan gargaɗe mu kada mu shiga aji hannu rabbana, gama gani ya kori ji. Mai koyar da aikin gona ya kan zo da iri da ƙasa, mai koyar da kimiyya ya kan zo da kwalabe. Amma in an zo kan tarihi, sai ka ga ba mu da kome sai alli da baki. Mu ce wa yara Turawa sun zo, sun yi mulki, sun tafi. Su kuwa su haddace shekaru, su zuba a jarrabawa, su manta. Alhali kuwa akwai shaida wadda za ta shiga aljihun riga, tana ɗauke da kwanan wata, da sunan masu mulki, da sa hannunsu, da alkawarin da suka ɗauka, har da zanen abin da ya kawo su ƙasarmu. Wannan shaida ita ce takardar kuɗi.

Kafin mu gane darajarta, sai mu tuna abin da ta tarar. Kakanninmu ba su zauna babu kuɗi ba. A ƙasar Hausa da Nufe da Yarabawa da wuri a ke ciniki, har ma kalmar nan "kuɗi" jam'in "wuri" ce. Ba a ƙasarmu a ke samun wurin ba, daga tsibiran Maldib na tekun Indiya da gaɓar Zanzibar a ke kawo shi. A Barno akwai gabaga, watau sawayen saƙi. Tibi suna da zanen tugudu da sandunan tagulla. Mutanen Gabas suna da wani irin awarwaron tagulla, wanda ba a janye shi daga kasuwa ba sai a 1948 zuwa 1949. Manyan fatake kuwa suna da dalar azurfa mai kan Sarauniya Mariya Tariza, wadda kowace ɗaya a ke buga mata shekara ta 1780. Sa'anda Bature matafiyin nan Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya tarar wuri 2,500 ne dala guda. Ke nan ƙeso guda, watau wuri 20,000, kaya sosai a kan ƙato, dala takwas kaɗai ne. Amma duk nauyinsu, waɗannan kuɗi suna da hali guda: mutum yana riƙe da abu a hannunsa, wanda ruwa ba ya ɓata shi, gara kuma ba ta cinsa da sauƙi.

Da Turawa suka kafa mulki, sai suka hana shigo da wuri Nijeriya ta Arewa a 1904, suka nemi a riƙa biyan haraji da kuɗinsu. A 1907 aka fara buga kwabo da anini masu huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida. A 1912, bisa shawarar wani kwamiti wanda Lord Emmott ya shugabanta, aka kafa Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma, domin ƙasashe huɗu: Nijeriya, da Gwalkwas wadda ta zama Gana, da Saliyo, da Gambiya. Mazauninta yana London. A 1913 ta fito da fataka, da sule, da sisi, da taro na azurfa. Mutane ba su yi gardama da waɗannan ƙwarai ba, gama azurfa azurfa ce, ko an rasa abin saye da ita maƙeri zai mai da ita zobe.

Rigima ta taso ne lokacin Yaƙin Duniya na Farko. Azurfa ta yi tsada, kuɗin ƙarfe ya yi ƙaranci, ga kuma cinikin gyaɗa yana bunƙasa tun da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. Saboda haka a 1916 Hukumar ta fito da takardun sule biyu, da sule goma, da sule ashirin, a 1918 kuma ta ƙara da ta sule guda. A cikin 1918 ɗin nan ƙarancin ya tsananta har Gwamnatin Nijeriya da kanta ta buga waɗansu takardu na wucin gadi. Talakawa fa suka ƙi su. Wanda aka tilasta wa karɓa ya kan ruga wurin 'yan canji a ba shi ƙarfe, ko da za a rage masa wani abu a kan kowace fam. Sai da aka fito da sulen gaurayen tagulla a 1920 kafin hankali ya kwanta.

A kan ba da wannan labari kamar abin dariya, wai jahilci ne ya sa mutanen da suka ƙi takarda. Ni ban yarda ba. Manomin da ya sayar da gyaɗarsa sau ɗaya a shekara, bankinsa tukunya ce a binne a ƙarƙashin gado. Ɗakinsa na ciyawa ne, gobara ba ta sallama. In ya ƙulle takarda a lalitarsa gumi ya jiƙa ta, in ya binne gara ta cinye. Banki kuwa yana Ikko ko wani babban gari, tafiyar kwanaki. Bugu da ƙari, ba ya iya karanta abin da aka rubuta a kanta, bai kuma san wanda ya rubuta ba. Wane mai hankali ne zai ba da noman shekara guda a bakin alkawarin baƙon da bai taɓa gani ba?

Gama abin da takardar kuɗi ta ke ke nan, alkawari. A fuskar takardun nan an rubuta da Turanci cewa Hukumar ta yi alkawarin biyan adadin da aka ambata a duk lokacin da aka nema. Hausawa kuwa sun ce alkawari kaya ne. Darajar takarda ba ta wuce amincin mai ɗauke da kayan ba. Mu da kanmu mun ɗanɗana wannan a farkon 2023, sa'anda aka canja takardun naira 200 da 500 da 1,000: tsofaffin aka ƙi karɓa a kasuwa, sababbin kuwa ba su samuwa, mutum da kuɗinsa a banki ya kwana da yunwa, har sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris. Yaron da ya ga uwarsa ta yini a layin banki a 2023, in ka miƙa masa takardar 1918 ka ba shi labarinta, ba zai sake ce wa kakan kakansa jahili ba.

To, wane ne ya ɗauki alkawarin, ina kuma ya ajiye abin biya? Nan ne darasi mafi girma ya ke. Sakataren Ingila mai kula da ƙasashen mulkin mallaka shi ke naɗa wakilan Hukumar. Tsarinta kuwa mai sauƙi ne. In kamfani yana bukatar kuɗin sayen gyaɗa ko auduga, sai ya biya fam na Ingila a London, a ba shi daidai wannan adadi a kuɗin Afirka ta Yamma ta hannun bankin da ke wakiltar Hukumar, watau wanda aka kafa a 1894, wanda daga baya ya zama First Bank. In ya mai da kuɗinmu, a ba shi na Ingila. Kowace fam da ke yawo a kasuwar Jos ko ta Makurɗi tana da 'yar'uwarta a ajiye a can. Ajiyar nan kuwa ba a kwance ta ke ba, yawancinta a kan ba da ita rance ga Gwamnatin Ingila da makamantanta, a riƙa raba wani kashi na ribar ga gwamnatocin ƙasashen huɗu.

Gaskiya ta fi kwabo, tsarin nan yana da alherinsa. Ba Gwamnan da ya isa ya sa a buga kuɗi don baitulmali ya bushe, saboda haka fam ɗinmu ba ta taɓa rabuwa da ta Ingila ba. Amma ga cutarsa. Dukiyar da talakawanmu suka tara da fartanya tana can tana yi wa wata ƙasa aiki, a lokacin da lardi guda ke fama da makarantar midil ɗaya. In farashin amfanin gona ya faɗi a Turai, kamar yadda ya faru a shekarun 1930, sai kuɗi ya janye daga kasuwanninmu, haraji kuwa yana nan yana jira. Kuma duk abin da ya sami fam ta Ingila ya same mu. A watan Satumba 1949 Ingila ta rage darajar fam daga dalar Amurka 4.03 zuwa 2.80, tamu ta bi ta, ba wanda ya tambaye mu. Amma a watan Nuwamba 1967, da Ingila ta sake ragewa, Nijeriya ta ce ita ba ta bi ba. In yaro ya tambaye ka ma'anar mulkin kai, ajiye masa takardar Hukumar da ta Babban Bankinmu gefe da gefe, ka gaya masa waɗannan shekaru biyu. Ya fi shafi goma na bayani.

Zanen da ke jikin takardun ma yana magana. Abin mamaki, ba hoton Sarkin Ingila a kansu, ko da ya ke sunansa yana kan kuɗin ƙarfe. A kan na farko bishiyar kwakwar manja ce tsaye a tsakiya. A kan waɗanda aka fito da su a 1953 akwai kogi da itatuwan kwakwa a fuska, a baya kuwa mutane ne suna aikin amfanin gona. Ba birni, ba makaranta, ba wani mutum mai suna. Sai malami ya tambayi ajinsa, "Wanda ya yi wannan zane, me ya gani sa'anda ya dubi ƙasarmu?" Na tabbata ko 'yan aji biyar za su ba da amsa.

Akwai kuma wani abu a bayan takardun farko wanda ya shafi zaman lafiyarmu a yau. An rubuta adadin kuɗin da baƙaƙen Larabci, haka kuma a kan kwabo da anini masu huji. Mun sha jin gardama mai zafi a kan rubutun ajami da ke jikin naira, musamman tun da aka cire shi daga ƙananan takardu a 2007, da kuma daga naira 100 ta 2014. Waɗansu suna zaton addu'a ce aka ɓoye, waɗansu kuma suna ɗaukarsa tutar addini. Ni a makarantar Mishan na yi karatu, na kuma san yadda maganar nan ta ke tada jijiyar wuya a ɓangarorin biyu. Amma tsohuwar takarda ta nuna Turawa ne suka fara sa shi, don a zamanin nan masu karanta ajami a Arewa sun fi masu karanta boko yawa nesa ba kusa ba, mai ba da kuɗi kuwa yana so a san ko nawa ne. Abin da ke jikin naira ma Hausa ce tsantsa, "naira dubu", "naira ɗari biyar". Kowa yana da ikon ra'ayinsa a kan a bar shi ko a cire, amma ya kamata malami ya san asalin abu kafin ya buɗe baki gaban yara.

Ƙarshen Hukumar ya zo da guguwar neman mulkin kai. A 1952 aka kawo batun kafa babban banki a Majalisar Wakilai. Masanin da aka aiko daga Bankin Ingila, Fisher, ya ce lokaci bai yi ba. Sai bayan rahoton Loynes na 1957 aka yi doka a 1958, Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki ran 1 ga Yuli 1959 da takardunsa na kansa. Gana ta riga mu a 1958, Saliyo da Gambiya suka biyo a 1964. Gwamnan bankin na farko Bature ne, Roy Fenton. Ɗan ƙasa na farko da ya riƙe shi, daga 1963 zuwa 1967, shi ne Alhaji Aliyu Mai-Bornu, wanda hotonsa ke kan naira 1,000. Mu masu koyon malanta sai mu lura, malamin makaranta ne a Yola kafin ya tafi Ingila karatun tattalin arziki. An sake takardun a 1965, aka kuma sake su a 1968 ana cikin yaƙin basasa, sa'an nan ran 1 ga Janairu 1973 naira da kobo suka maye gurbin fam da sule.

Ba malamin tarihi kaɗai zai amfana ba. Mai koyar da lissafi ya sa yara su nemo anini nawa ne a fam guda: anini 10 kwabo, kwabo 12 sule, sule 20 fam, watau anini 2,400. Mai koyar da Hausa kuwa ya tambaye su don me a ke cewa "ba ni da ko sisi", ko "bai ba ni ko anini ba". Don me dattawa su ke kiran naira 200 jaka guda? Domin jakar kuɗi ta da fam 100 ce, da aka yi canji kuwa fam guda ta zama naira biyu. Kuɗin ya mutu, sunansa yana yawo a bakin yaran da ba su taɓa ganinsa ba.

Yanzu bari in amsa wa masu suka. Na fari zai ce, "Wannan begen Turawa ne, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba." Ina amsa masa da cewa alƙali ya kan ajiye takardar shaida ko da ta wanda ya yi laifi ce. Wanda ya ƙone rasit don yana fushi da mai kanti, kansa ya cuta. In muka zubar da takardun nan, masu tarawa na Turai da Amurka ba su zubar ba, gobe jikokinmu sai sun biya kuɗin jirgi kafin su ga abin da kakanninsu suka sha gumi a kansa.

Na biyu shi ne wanda ya yarda da ni fiye da kima, don yana zaton arziki ne a ciki. Mu kan ji jita-jita cewa wai akwai masu sayen kwabo mai huji da miliyoyi, mutum ya yi ta ɓoyo yana jira, ko ya faɗa hannun 'yan damfara. Gaskiya ne akwai takardu ƙalilan masu tsada, irin na 1916 da na 1918 in ba su lalace ba, gama abin da ke sa tsada wurin masu tarawa shi ne ƙarancin abu da lafiyarsa. Tsufa kaɗai ba ya sa wa takarda daraja. Dubi takardar mak 1,000 ta zamanin Kaisa na Jamus mai shekara ta 1910: an ci gaba da buga ta har bayan yaƙi, kuɗin Jamus ya lalace har a watan Nuwamba 1923 dalar Amurka guda ta kai mak 4,200,000,000,000, waɗanda suka ɓoye ta suna jiran a biya su da zinariya suka mutu suna jira. Haka takardar rubul 500 ta Rasha ta 1912, ƙatuwa, kyakkyawa, mai hoton Sarki Bitrus Babba: bayan juyin mulkin 1917 ta zama abin ado kawai. Duk biyun suna da yawa a hannun masu tarawa, ba su kuwa da wata tsada. In mun same su mu karɓa da murna, gama suna koyar da cewa daula kan faɗi da alkawarinta. Amma mai neman riba ya nemi wata sana'a.

Na uku zai ce ai akwai gidajen tarihi, kamar na Jos wanda aka buɗe a 1952, da ɗakin tarihin kuɗi na Babban Banki a Abuja. Madalla da su. Sai dai yara nawa ne daga makarantun ƙauyen da za a tura mu za su taɓa taka ƙofarsu? Abin da ke bayan gilashi a birni ba ya koyar da yaron da ke zaune a kan bulo a ƙauye.

Ga yadda na ke ganin za a yi. Kowane ɗalibi in ya tafi hutu ya tambayi tsofaffin gidansu, a duba adakar kaka, da tsakanin shafofin tsofaffin littattafai, da aljihun kakin tsohon soja. Roƙo za mu yi, ba ciniki ba. Wanda ba ya son rabuwa da tasa, a ɗauki hotonta gaba da baya a mayar masa. Kada a wanke takarda, kada a yi mata guga, kada a liƙe yagewarta da gam, kada kuma a manne ta cikin roba da na'ura mai zafi, gama wannan kisa ne. A shimfiɗa kowace a tsakanin farar takarda mai tsabta, a sa a akwatin ƙarfe, nesa da laima da rana. Ƙungiyar ta sami littafi guda inda za a rubuta lambar kowace takarda, da shekararta, da garin da aka samo ta. Shugaban Kwaleji kuwa muna roƙonsa kabad guda mai makulli a laburare, da izinin mai zuwa gwajin koyarwa ya ari abin da ya ke bukata, ya sa hannu.

Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne a zauna da mai takardar a rubuta abin da ya tuna. Nawa ne harajinsa na fari? Nawa a ke biyan lebura a haƙar kuza? Nawa aka biya sadakin uwarsa? Me sule guda ke saye ran kasuwa? Wanda ya ke da shekara 15 sa'anda Babban Banki ya fito da kuɗinsa a 1959, an haife shi a 1944 ke nan. A lissafa a gani ko shekarunsa nawa. Takarda in an adana ta za ta jira mu, amma waɗannan dattawa ba za su jira ba, kowace damina muna binne waɗansu da labarinsu.

Da tsohuwar zuma a ke magani. Ina roƙon duk wanda ya ga shawarar nan tana da kan gado ya ba da sunansa ga Edita kafin hutu mai zuwa, domin mu zauna mu zaɓi shugabanni. Wanda kuma ya ga aibinta, ga fili ga mai doki, shafin nan na kowa ne. Allah ya ba mu ikon koyar da abin da muka sani, ya kuma sa mu san abin da mu ke koyarwa.